Ranar da Hamman Ya Tsaga Mangwaro

Shekarar da ta biyo bayan babban fari, wadda soja suka karɓi mulki a cikinta, Hamman ya zama ɗan garka. Wanda bai san shi ba ba zai ga abin mamaki a nan ba. Bafillace ne na rugar da ke gabas da Dogo-Dogo, mutumin da in shanunsa suka taso shan ruwa sai mata sun janye tulunansu daga bakin rijiya. Fari ya zo ya lashe garken nan kaf, ya bar masa saniya guda da karsana, da matarsa Kadi, da 'ya'ya mata ƙanana, da sanda. Sandar ce kaɗai ba ta rame ba.

Maiwada ne ya tsamo shi. Tun zamanin iyayensu shanun gidan su Hamman ke kwana a gonar gidan su Maiwada da rani, su zuba taki, a ba su damman hatsi. Da shanu suka ƙare, Maiwada bai ce zumunci ya ƙare ba. Yana da garka a fadama, lambun rani mai rijiya da shingen ƙaya, da mangwaro huɗu a tsakiyarta. Ya yanka wa Hamman gefe guda, dab da rijiya, a gindin itatuwan, ya ce masa:

"Ƙasa na ara maka, ban ara maka itace ba. Kada ka dasa, kada ka sara. Ko ganye ne ya faɗo maka a ka, ka sauke shi da ladabi."

Aka yi dariya, amma kowa ya san ba wasa a ciki. Mangwaron nan su suka riƙe gidan Maiwada lokacin da hatsi ya ƙone a gona. Itatuwan daji duk sun zubar da ganye sun tsaya tsirara, su kuwa shar da su rani da damina, saiwarsu tana cikin ruwan fadama. 'Ya'yansu aka riƙa ɗora wa jaki ana kaiwa kasuwar Mallawa, a dawo da dawa. Uku na Maiwada ne. Na huɗun, babban, mai rassa har ƙasa, na yayarsa Hinda ne. Da aka zo rabon gadon ubansu ta ƙi gona, ta ce itace take so, don shi ba ya cewa a yi masa noma.

Hinda tsohuwa ce mai baki, miji uku ta binne, kuma an ce ko wannensu ya tafi bai gama ba ta amsa ba. Uwarsu Babarbariya ce, kun kuwa san tsakanin Barebari da Fulani sai wasa. Kullum ta zo garka ta tarar da Hamman yana fama da guga, ya yi sharkaf, sai ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Bawan gidanmu, yau ma kabewar ake kiwo? Ka raɗa musu suna kuwa? Wacce ce Baƙar Goshi a ciki?"

"Baiwata, matsa daga nan, kada ki tsorata min su. Ba su saba ganin Barebari ba."

Kabewa ya shuka da yawa, da kuɓewa da ɗan tumatir, amma kabewar ce ransa. Ita ake ajiyewa ta yi watanni ba ta lalace ba, ita za ta kai yaransa damina. Ya koyi yin fangali, wato ɗan filin shuka mai riƙe ruwa, ya koyi ban ruwa, hannunsa ya yi kanta inda igiyar guga ke bi. Kabewa kuwa ta yi masa halacci. Ta yi yaɗo ta rufe ƙasa, ta yi fure, ta fara ɗaura 'ya'ya kamar ƙwan zabo, wasu kamar dunƙulen hannu.

Sai wata safiya cikin sanyi ya ga tabo fari a kan ganye ɗaya, kamar mai tankaɗe ta karkaɗe hannunta a wurin. Ya hura, bai tashi ba. Ya wanke da ruwa, ya ɓace, da rana ta ɗaga ya dawo. Kafin kasuwa ta zagayo tabon ya haifi 'yan'uwa. Daga wannan gindi ya koma wancan, ganyen da ya fara kamawa ya yi rawaya ya yanƙwane, kuma abin da ya fi tayar wa Hamman hankali, ciwon ya fi ƙarfi a cikin inuwa. Kullum matsawa yake yi wajen mangwaro.

Shi kuwa Hamman ya san ciwon da ke tafiya. Ya ga ciwon huhu a garken ubansa yana yaro. Da tarin saniya guda ya fara.

Maiwada ya zo ya tsaya a kan fangalin. Ya tsinki ganye ya shinshina.

"Fumfuna ce, irin ta tuwon da ya kwana," in ji shi. "Na taɓa ganinta a kabewa. Amma ban taɓa barin kabewa kusa da itacena haka ba." Ya ɗaga kai ya dubi rassan da ke bisa kansu. Sun fara ƙoƙarin huda. "Hamman, abin nan yana hawa itace?"

"Ban sani ba, Malam Maiwada."

"Ni ma ban sani ba. Shi ya sa nake so ka tuge ta."

Hamman ya so ya roƙe shi. Bafillace ba ya roƙo, kunya ba ta barinsa, sai ya tsaya yana kallon ƙasa yana murza igiyar guga.

"'Ya'yan ba su ƙosa ba," ya ce a hankali. "In aka tuge yanzu, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci."

Maiwada ba mugu ba ne. Ya ce zai hau jaki ya je Magarya ya tambayi malamin gona, in ya dawo a san abin yi. Amma kafin ya fita daga shinge ya waiwayo ya ce, "In na ga fari a ganyen mangwaro ko ɗaya, ba ni da sauran magana da kai. Ka gafarce ni, amma su ne rumbuna."

Da yamma Hamman ya koma bukka ya kasa cin tuwo. Kadi ta zuba masa ido har ya gaji ya faɗa mata abin da ke ransa. Lokacin ciwon huhu, ubansa bai zauna yana jiran malamin dabbobi ba. Ya yanka saniyar da ta kamu, ya ciro huhun, ya yayyanka shi ƙanana. Sannan aka kama masu lafiya ɗaya bayan ɗaya, a tsaga fatar karan hanci, a cusa ɗan guntun huhun, a sake ta. Wurin ya kumbura, saniya ta yi kwanaki tana jin jiki, ta warke, ciwon kuma ya zo ya wuce ta. Haka Fulani ke yi tun kaka da kakanni.

Kadi ta ajiye ƙoƙon da ke hannunta.

"Maigida, itacen mutane ne fa."

"Don na mutane ne zan tsare shi."

"Saniya tana da jini. Itace me gare shi?"

"Ki sare shi ki gani in ba ya zubar da ruwa."

"To ka jira mai shi ya dawo ka gaya masa."

"In na gaya masa zai yarda? Manomi ne. Cewa zai yi na zautu." Ya ƙara da cewa, "Kafin ya dawo ciwon ya kai gindi. Garken baffana, ƙanin babana, rabinsa ya tafi ne saboda jira."

Kadi ta ɗauki faifai. Ta tashi ta rufe tuwon.

Washegari da hantsi, bayan ya gama ban ruwa, Hamman ya zare wuƙarsa ya wasa ta a bakin rijiya. Ya zaɓi ganyen kabewa wanda ya fi kowane fari. Ya je gindin mangwaron farko ya dafa shi kamar yadda ake dafa saniya kafin a kama ta, ya yi bisimilla, ya tsaga ɓawon tsawon ɗan yatsa. Ya ɗaga gefen da bakin wuƙa, ya cusa guntun ganye, ya naɗe wurin da kaba ya ɗaure. Ya yi wa na biyu. Ya yi wa na uku. Aikin da ya sani ne, tun da ya shigo garkar nan ma yau ne ya fara yin aikin da ya sani.

Ya isa gindin babban, na Hinda. Ya ɗora bakin wuƙa a kan ɓawo ke nan sai ya ji ƙarar ƙayar ƙofar shinge. Ya waiwaya. Hinda ce tsaye da ƙwarya a ka.

Ta dubi wuƙar. Ta dubi kabar da ke ɗaure a jikin itatuwa uku. Ta sake duban wuƙar. Hamman ya jira ta ce bawan gidanmu, ya jira zagi, ya jira ko ihu ne. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Malam Hamman," ta ce, "sauke hannunka daga jikin itacena."

Tun da yake da ita bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya sauke hannun. Ya buɗe baki zai yi bayani, ta riga ta juya, ko ƙofar ba ta mayar ba.

To, gari ne ƙarami, kuma rani ne, ba aikin gona, bakuna duk a sake suke. Kafin azahar labari ya kai bakin rijiyar gari yana da kai ɗaya, kafin la'asar ya yi kawuna uku. Masu daka suka ce laya ya binne a jikin itacen don ya bushe, kabewarsa ta sami rana. Mazauna gindin tsamiya suka ce a'a, ku ba ku san Fulani ba, shaida ce ya yi, irin wadda suke yanka wa shanu a kunne, gobe ya ce itacen nasa ne. Wata kuma, Allah ya shirye ta, ta rantse cewa ta ga jini yana bin gindin, alhali rabonta da fadama tun tana amarya. Kadi ta kawo nono gari ta koma da shi yadda ta zo da shi. Ba wadda ta ce mata kanzil, kuma ba wadda ta miƙo ƙoƙo.

Maiwada ya dawo daga Magarya hannu rabbana. Malamin gona ba ya nan, an tafi da shi rabon abincin taimako, ba wanda ya san ranar dawowarsa. Tun kafin ya sauka daga jaki aka tare shi da labari. Bai shiga gida ba. Ya wuce wurin Wakili, wanda ke riƙe da unguwar a madadin maigari, suka nufo fadama, mutane na biye da su, wasu da fartanya a kafaɗa.

Hamman yana cikin kabewarsa ya hango su. Ya ƙirga fartanyun da ido, ya dubi 'ya'yan kabewar da ke kwance ƙarƙashin ganye, kore shar, ba su san abin da ake ciki ba. Ya ajiye guga ya miƙe tsaye.

Maiwada bai yi masa sallama ba. Ya wuce gindin itacen farko ya tsaya.

"Me na ce maka ranar da na ba ka wurin nan?"

"Ka ce kada in dasa, kada in sara."

"Wannan mene ne?"

"Ban sara ba. Tsagawa na yi."

Wani daga baya ya ce, "Ku ji ɗan banza, wai tsagawa ya yi!" Wani ya sauke fartanya ya taka cikin fangali, ganye ya yi ƙara ƙarƙashin ƙafarsa. Wakili ya ɗaga sanda.

"Wanda ya taɓa shukar nan kafin in yi magana, da ni yake. Fita daga nan, Tanko." Tanko ya fita yana gunaguni. Wakili ya juya. "Hamman, me ka sa a ciki?"

"Ganyen kabewa, ranka ya daɗe. Mai ciwon."

Wurin ya ɗauki salati. Maiwada ya dafe kai da hannu biyu.

"Ciwon da nake gudu, shi ka ɗauka da hannunka ka cusa musu? Hamman, me na yi maka? Ubana ya ci amanar ubanka ne?"

Maganar ta soki Hamman. Bayanin yana cikinsa, amma Hausar ta gudu ta bar shi, ga idanu sun yi masa yawa. Sai ya juya wajen shinge, inda saniyarsa ke ɗaure tana cin harawa, ya yi mata kira irin nasu. Kadi, da ke tsaye a wurin, ta kwance ta, saniyar ta shigo tana tafe ƙashi da fata ta tsaya a gabansa. Ya kama hannun Wakili ya ɗora a kan karan hancinta, inda wani tsohon tabo ya yi tudu.

"Wannan na yi musu," ya ce.

Wakili ya shafa tabon. Dattijo ne, ya taɓa ba Fulani kiwon shanunsa, ya san abin da yake taɓawa. Ya dubi saniya, ya dubi mangwaro, gemunsa ya motsa kamar mai son dariya, ya danne.

"Jama'a, ba sammu ba ne," in ji shi. "Riga-kafin ciwon huhu ya yi wa mangwaro."

Wasu suka tuntsire, wasu suka ce wayo ne. Maiwada ko murmushi bai yi ba. Ya sa hannu ya kwance kabar. Ƙaro ya taru a bakin tsagar yana naso, guntun ganyen ya yi baƙi ya manne a ciki. Ya zaƙulo shi da tsinke ya yar, ya bi sauran biyun ya yi musu haka.

"Ranka ya daɗe, ko da kyakkyawar niyya ya yi, yanzu ciwon yana cikin jikinsu. A tuge kabewar nan, ya tattara ya bar min wurina."

Wakili ya daɗe yana tunani. Sannan ya yanke: ba za a tuge ba tukuna. In ciwon ya shiga, ya riga ya shiga, tugewa ba za ta fitar da shi ba. A jira mangwaro ya gama huda ya ɗaura 'ya'ya. In aka ga fari a jikin ko da ganye ɗaya, Hamman ya fita a ranar, ya bar duk abin da ya shuka. In ba a gani ba, a sake zama. Kuma ba zai ƙara shiga garka shi kaɗai ba, sai da mai tsaro.

"Ni ce mai tsaron," in ji Hinda. Sai a lokacin aka lura tana wurin.

Haka aka shiga jira. Kullum da safe Hinda ta zo da tabarma da abin kaɗinta, ta shimfiɗa a gindin itacenta. Kafin ta zauna sai ta zagaya mangwaron huɗu, ta jawo reshe, ta juya ganye ta duba bayansa, ta saki, ta jawo wani. Duk lokacin da ta daɗe a kan ganye guda, gugan Hamman sai ya tsaya a tsakiyar rijiya. Ba ta yi masa magana, shi ma ba ya yi mata. In tsuntsu ya yi kashi a kan ganye, sai ya zuba mata ido har ta kankare ta wuce. Kabewar kuwa ciwon yana ta cin ganyenta, tsofaffin suna bushewa, ita kuma tana ta jefa sabon yaɗo gaba, 'ya'yan suna girma a hankali kamar masu jin nauyin idon mutane.

Wata safiya Hinda ta makara. Hamman ya tsaya a bakin shinge yana jiranta, rana tana ɗagawa, fangali yana bushewa. Da ya ga shukar ta fara lanƙwasa sai ya shiga. Ya zagaya bayan babban mangwaro, inda reshe ya sauko yana shafar ƙasa, nan ya tsaya cak.

Yaɗon kabewa ya rarrafo ta cikin ciyawa inda ba a lura ba, ya kama reshen, ya hau. Ganyenta guda, fari fat, yana kwance a kan ganyen mangwaro. Da ya ɗaga shi da ɗan yatsa, sai ga garin fari a kan koren ganye, a fili, ko makaho ya shafa ya ji.

Ya dubi ƙofa. Ba kowa. Bakin rigarsa yana hannunsa, sharewa ɗaya ce, sannan ya tsinke yaɗon ya jefa bayan shinge, shi ke nan, ba wanda ya gani sai Allah. Ya tuna da yaransa. Ya kama bakin rigar sosai. Sai kuma ya tuna makiyayin da ya ɓoye saniya mai tari ya kawo ta mashaya, da abin da ya biyo baya, da yadda har yau ba a kiran sunan mutumin a ruga. In ciwon yana hawa itace, sharewa ba za ta hana shi ba, sai dai ta hana a gani da wuri.

Yana nan tsaye, rigar a hannu, ƙaya ta yi ƙara.

"Wa ya ce ka shigo?" in ji Hinda.

"Zo ki gani," ya ce. 

Ta zo. Ta duƙa. Ta daɗe tana kallo. Kira ɗaya za ta yi, masu garkar maƙwabta su taru, kafin azahar ya zama ba shi da komai.

Ta lashi babban yatsanta ta goga a kan ganyen mangwaro. Farin ya bi yatsan, ganyen ya fito kore yana sheƙi. Ta goga a kan na kabewa. Farin ya tashi, amma ƙarƙashinsa rawaya ne, ya ci ganyen. Ta sake gwadawa a wani wurin. Ta zauna a kan dugaduganta.

"Wannan zuba ya yi, ko kamawa ya yi?"

"Ban sani ba."

"Kai kullum ba ka sani ba." Ta dubi rigar da ke dunƙule a hannunsa, ta dube shi. "Wannan itacen ka tsaga shi?"

"Kin hana ni."

"To. Ba ni kaba."

Ya miƙa mata, bai gane ba. Ta ɗauki ganyen kabewar nan mai ciwo ta manna shi fuska da fuska da ganyen mangwaro mafi taushi a reshen, sabon toho, ta ɗaure su tare kamar ƙunshin goro.

"Yaya Hinda, itacenki ne fa."

"Nawa ne, shi ya sa. Na gaji da zagaye kullum kamar mai neman allura. In yana kamawa, ya kama a nan in gani da idona, in sare reshen. In ba ya kamawa, in koma gida in huta." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "In Maiwada ya tambaya, ni na ɗaura. Ya zo ya kore ni."

Maiwada ya ji, ya zo, ya yi faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi. Hinda ta bar shi ya gama, ta ce masa ita ta goya shi, kuma ranar rabon gado yana wurin. Ya koma yana cewa duk abin da ya faru ba ruwansa, amma kullum sai an gan shi ya zo ya leƙa. Ba shi kaɗai ba. Ƙunshin nan ya zama abin kallo, masu zuwa ɗiban ruwa su ratse, masu zuwa Yekuwa a amalanke su tsaya su tambaya ko ya kama. Hamman shi kaɗai ne ba ya zuwa kusa. Daga bakin rijiya yake karanta fuskar Hinda.

Ganyen kabewar ya bushe ya zama kamar takarda. Hinda ta cire shi ta ɗaura wani sabo mai fari, shi ma ya bushe. Mangwaro ya yi huda, ƙudan zuma suka cika garka, hudar ta zube, 'ya'ya suka fito kamar ƙwayar wake. Tohon da aka ɗaure ya yi duhu ya yi kauri kamar 'yan'uwansa, ba tabo, sai sawun kaba. Sauran ukun ma ba fari a jikinsu. Sai dai tsagar ɗaya daga cikinsu ta ƙi rufewa, tana ta zubar da ƙaro, tururuwa na bi.

Aka sake zama a gindin itacen. Wakili ya duba reshen da kansa, ya ce shi dai bai ga komai ba, ko akwai wanda ya gani? Ba wanda ya gani. Tanko ya ce watakila tsagar ce ta yi aiki. Hinda ta ce nata ba a tsaga ba, kuma shi ya kwana da ciwon a jikinsa.

Hamman ya sunkuyar da kai. Ya fahimci abin da ta faɗa kafin sauran su fahimta. Ciwon kabewa bai taɓa neman mangwaro ba. Abin da ya sami itatuwan nan duk rani, wuƙarsa ce kaɗai.

Maiwada ya yi gyaran murya. Bai dubi Hamman ba, itacen mai zubar da ƙaro yake kallo.

"Fari bai hau ba, na yarda. Kabewarsa tasa ce, ya girbe abinsa har ƙarshe. Amma na ce kada ƙarfe ya taɓa min itace, ya taɓa. Baɗi ba zai zauna a gindinsu ba." Ya nuna can ƙarshen garka, wajen shingen yamma, inda ba inuwa, ƙasar ta fi tauri. "In yana so, ga can."

Kowa ya juya ya dubi wurin, sannan aka dubi Hamman. Daga rijiya zuwa can tafiya ce, kuma kowane guga a kafaɗa zai je. Ya auna nisan da ido. Ya dubi Kadi da ke tsaye bayan shinge da ƙaramar a goye. Ta ɗan gyaɗa kai.

"Ina so," ya ce. "Allah ya saka da alheri."

Wakili ya shafa fatiha, mutane suka watse suna musu a kan hanya. Hamman ya koma cikin kabewarsa. Ganyen ya kusa ƙarewa, 'ya'yan suna kwance a fili, ba su kai girman da ya yi fata ba, amma ɓawonsu ya yi tauri. Ya ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa, ta amsa. Ya murɗe ta daga jikin yaɗon, ya miƙa wa Kadi ta saman ƙaya, ya ce ta ɗora tukunya.